Uwa da Waya: Kada tsadar data ta hana ki sabunta Chrome



Daga Malisa har Gwandu da Kalgo kukan ɗaya ne: data ta yi tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ga shi Chrome ba ya gajiya da neman a sabunta shi. Kuna da gaskiya. Sai dai kusan kowace sabuntawa wata kafa take toshewa. A Satumbar 2023 an gano ɓarakar da hoto kaɗai a shafin intanet zai iya buɗe wa ɓarawo hanyar shiga waya. Google ya toshe ta, amma duk wadda ba ta sabunta ba, ƙofarta a buɗe ta kwana. Wayar nan kuwa ita ke riƙe da kuɗin adashe da hotunan iyali, ga yara da latse-latse.

Ki shiga Play Store, ki nemo Chrome, ki danna Update, ko da da garaɓasar datar dare ce. In wani shafi ya ce wayarki ta kamu da cuta, ki danna nan, rufe shi kawai, tarko ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.