Sharhi: Darasin Lissafi Na Share Fage A Manyan Makarantu, Da Nauyin Da Ya Rataya A Wuyanmu

Idan za a iya tunawa, a watan Oktoba na shekarar 2025 ne Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin minista Dakta Tunji Alausa, ta bayar da sanarwar sassauta sharuɗɗan shiga manyan makarantu, inda ta bayyana cewa ɗalibin da zai karanci fannonin adabi da harsuna da makamantansu ba sai ya sami kiredit a darasin lissafi ba kafin a ba shi gurbi. Wannan labari ya karaɗe birane da ƙauyuka cikin ɗan lokaci, har wasu yara suka ɗauka an yafe musu lissafi ke nan baki ɗaya. Bayan 'yan kwanaki ma'aikatar ta sake fitowa ta yi ƙarin haske, cewa wajibi ne kowane ɗalibi ya yi rajistar Turanci da lissafi, ya kuma zauna jarrabawarsu a ƙarshen sakandare, sannan masu neman fannonin kimiyya da fasaha dole ne su zo da kiredit ɗin.

A wannan shekarar ce kuma hukumar WAEC, bayan ta gyara kuskuren da ta samu a sakamakon da ta fara fitarwa, ta sanar da cewa kusan kashi 63 cikin ɗari na waɗanda suka zauna jarrabawarta ne suka sami kiredit biyar haɗe da Turanci da lissafi. Ma'ana dai, a cikin kowane yara goma, kusan huɗu ba su cika wannan sharaɗi ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara su ne ke komawa karatun share fage, kuma a can ne akan mayar da su kan lissafin da aka ce sun wuce tun suna firamare. Tambayar da iyaye da dama ke yi ita ce: tunda an sassauta, me ya rage na ɓata shekara da kuɗi a wannan darasi? Amsar wannan tambaya ce maƙasudin sharhinmu na yau.

Mene ne darasin share fage?

Karatun share fage shi ne wanda manyan makarantu ke shirya wa ɗalibin da ya gama sakandare amma bai cika sharuɗɗan shiga ba, ko kuwa ya cika a takarda amma an ga tushensa da rauni. Yawanci shekara guda ake yi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da makaranta sukutum domin wannan aiki a garin Funtuwa, haka kuma kwalejojin ilimi da dama suna da ajin share fagen NCE. Ko ɗalibin da ya shiga NCE kai tsaye ma bai tsira ba, domin manhajar da hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa ta tsara ta ƙunshi darasin lissafi na bai-ɗaya, wanda kowa ke ɗauka, ko da Hausa ko Larabci ya zo karantawa.

A farkon irin wannan darasi, abin da ake koyarwa shi ne matsayin lamba, wato bambancin 5 da ke cikin 50 da wanda ke cikin 5,000, sai tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. Daga nan a shiga lissafin ɓangarori, irin su rabi da sulusi da rubu'i, da lambobi masu ɗigo, da kashi cikin ɗari, da gwargwadon wani abu a kan wani, da lambobin da ke ƙasa da sifili. A ƙarshe sai a taɓa bakin aljabara, inda ake sa harafi ya tsaya a madadin adadin da ba a sani ba. Saurayi mai shekara ashirin yakan ji nauyi a ce masa ya zauna ana koya masa rabawa. Sai dai Hausawa na cewa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Inda gizo ke saƙar

Lissafi ya bambanta da wasu darussa ta fuskar cewa hawa-hawa ne, kamar ginin soro. Yaro zai iya rasa darasin tarihi na zango guda ya kuma fahimci na zango mai zuwa, amma wanda bai riƙe jadawalin ninkawa ba a aji uku, rabawa za ta gagare shi a aji huɗu, kuma wanda rabawa ta gagara ba zai taɓa jin daɗin lissafin ɓangarori ba. Haka zai yi ta hawa aji-aji da wannan giɓi, domin a makarantunmu ba kasafai ake tsayar da yaro ya maimaita ba, har ya kai sakandare inda malami ke rubuta aljabara a allo, shi kuwa yana kwafa kamar mai zanen da bai san ma'anarsa ba.

Ga misali guda da malaman lissafi suka sani sarai. A ce wa ɗalibi ya tara rabi da sulusi, wato 1/2 da 1/3. Da yawa za su tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, su rubuta 2/5. Amma kashi biyu cikin biyar bai ma kai rabi ba, to yaya za a ƙara wa rabin kwano wani abu sannan ya ragu? Amsar gaskiya ita ce 5/6, domin rabi kashi uku ne cikin shida, sulusi kuwa kashi biyu ne cikin shida. Abin mamaki shi ne, yarinyar da ke auna hatsi a kasuwa ba za ta yi wannan kuskure da mudu a hannunta ba. Wannan ya nuna cewa basirar tana nan, abin da aka rasa shi ne wanda zai haɗa abin da yaro ya sani a gida da abin da ke rubuce a allo.

Bugu da ƙari, akwai matsalar satar amsa, wadda ta sa wasu ke zuwa da kiredit a takarda alhali ba za su iya raba 840 gida 12 ba. Irin waɗannan sun fi kowa bukatar gyara, kuma sun fi kowa wuyar ganewa, tunda takardarsu ta rufa musu asiri.

Lissafi a gona, a kasuwa da wajen rabon gado

Ya kamata jama'armu na karkara su lura cewa abin da ake koyarwa a wannan darasi shi ne abin da suke cin karo da shi kullum. Buhun takin zamani mai kilo 50 da aka rubuta wa 15-15-15, ma'anarsa kowane ɗaya daga sinadarai ukun kashi 15 ne cikin ɗari, wato kilo bakwai da rabi. Buhun yuriya kuwa mai kashi 46, yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Wanda ya san wannan ya san abin da yake saye da kuɗinsa. Haka nan mai feshi, idan takardar magani ta ce a zuba mililita 5 a kowace lita ta ruwa, tankinsa kuma lita 16 yake ci, to mililita 80 zai auna. Ya rage, maganin bai yi aiki ba; ya ƙara, ya ƙone shuka ko ya cutar da masu ci.

Aljabara ma da ake jin tsoro ba baƙuwa ba ce. Ɗan kasuwa ya sayo buhu uku, ya biya naira 6,000 kuɗin mota, jimillar abin da ya kashe naira 96,000. Nawa ya sayi kowane buhu? Zai cire kuɗin mota, saura 90,000, ya raba uku, ya sami 30,000. Abin da ya yi da ka, shi ne ɗalibi ke rubutawa da harafi a takarda.

Ta fuskar addini kuwa, zakkar amfanin gona ɗaya ce cikin goma idan ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin idan da wahalar ban-ruwa aka noma, ta kuɗi kuma ɗaya cikin arba'in. A rabon gado, idan mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza da mata, matar tana da tumuni, uwar tana da sudusi. A dukiyar naira 240,000, bayan an biya bashi da wasiyya, matar za ta sami 30,000, uwar 40,000, 'ya'ya su raba 170,000. Ba banza ba malamin nan na Bagadaza, Alkhawarizmi, wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara, ya ware babban sashe na littafin ga matsalolin gado da wasiyya. A ƙasar Hausa ma an yi Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, masanin lissafi daga Katsina, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741. Saboda haka babu mai cewa lissafi ba gadonmu ba ne.

Ƙorafin da ake yi, da gaskiyar da ke cikinsa

Ba za mu ɓoye ba, masu sukar karatun share fage suna da hujja. Shekara guda ta ƙarin kuɗin makaranta da abinci da wurin kwana ba ƙaramin nauyi ba ne ga manomi, kuma idan ɗiya mace ce, sau da yawa a wannan shekarar ce maganar aure ke shigowa karatu ya tsaya. Wannan matsala ba mu kaɗai ta shafa ba. A Amurka, kwalejojin shekara biyu sun daɗe suna sa ɗalibai masu rauni su bi matakai biyu ko uku na lissafin share fage, sai aka lura da yawa na gajiya su bar karatun kafin su kai ƙarshe. Wannan ne ya sa jihar Kalifoniya ta yi doka a shekarar 2017, wadda ta taƙaita tura ɗalibai irin waɗannan azuzuwa, aka koma shigar da su karatun sosai tare da ba su ƙarin darasi a gefe.

Darasin da za mu ɗauka a nan shi ne, a gwada kowane ɗalibi tun ranar farko, a gano daidai inda ya tsaya, a gyara wurin, a sallame shi. Wanda matsalarsa lissafin ɓangarori ce kawai, bai kamata a zaunar da shi watanni yana tara lambobi ba. Haka kuma ajin mutum ɗari biyu da malami guda ba zai gyara abin da ajin mutum ɗari ya ɓata a firamare ba.

Amma soke darasin gaba ɗaya kuskure ne babba, kuma ga dalili. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan. A makarantar ƙauye mai malamai uku ko huɗu, wanda ya karanci Hausa ko ilimin zamantakewa shi ne zai shiga aji uku ya koyar da ninkawa, domin babu wani. Idan ya fito kwaleji yana tara rabi da sulusi ya sami 2/5, to yara hamsin zai koya wa haka a kowace shekara, har ya yi ritaya. Sassaucin da aka yi a ƙofar shiga ya ƙara wa darasin gyara muhimmanci ne a cikin kwaleji.

Aikin da ke gabanmu

Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a shekarar 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, nauyin firamare ya rataya ne a kan hukumar SUBEB da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi. Muna ganin akwai abubuwan da za a iya yi ba tare da jiran wani babban kasafi ba. Sakataren ilimi ko mai duba makarantu, idan ya kai ziyara, kada ya tsaya ga rajistar malamai kaɗai. Ya kira yara biyar na aji huɗu, ya ba su ɗebewa mai aro da rabawa mai sauƙi. Cikin minti goma zai san halin da makarantar ke ciki. An gwada tsarin raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, na ɗan lokaci a kowace rana, a jihohin Borno da Kano, kuma kayan aikinsa ba su wuce tsinkaye da duwatsu da allo ba.

Shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli, idan za a taimaka wa ɗalibai da kuɗin karatu, a tuna da 'yan share fage, domin su ne suka fi kusa da faɗuwa. Kwamitocin kula da makarantu da masu unguwanni za su iya roƙon ɗaliban kwaleji da suka dawo hutu su riƙa zama da ƙannensu da yamma. Iyaye kuwa, idan an ce ɗanku ko 'yarku sai sun yi share fage, kada a ɗauke shi abin kunya, kuma kada a nemi hanyar sayen sakamako, domin wanda ya sayi kiredit bai sayi ilimin ba.

Daga ƙarshe, muna kira ga ɗaliban da ke cikin waɗannan azuzuwa da su cire girman kai su yi tambaya, tunda matambayi ba ya ɓata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan gaskiya ne, shi ya sa muka matsa a kan firamare. Amma wanda ya riga ya girma da giɓi, gara ya cike shi yau a kwaleji da ya kai shi gaban allo ko ofis gobe. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.