Gahawa ba garin gwangwani ba ce

Duk wanda ya sayi ƙwayar gahawa ya soya, ya niƙa a gidansa, a Yamai ko Maraɗi, ba ya rasa mai yi masa ba'a: wai kwaikwayon Nasara yake. Abin mamaki, masu wannan zargi su ne ke tsayawa wurin mai shayi kowace safiya a zuba musu cokalin Nescafé, suna ganin su ne suka riƙe gargajiya.

To, wane ne mai kwaikwayon? Garin Nescafé da ke narkewa cikin ruwa, kamfanin Nestlé ne ya fito da shi a ƙasar Suwis a 1938, bayan Birazil ta rasa yadda za ta yi da rarar amfanin gonarta. Dafa gahawar ake yi a masana'anta, a busar da ruwan, a ɗura abin da ya rage. Itaciyar kuwa ƴar Afirka ce. Irin arabika daga dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha ya fito, kuma tun ƙarni na 15 sufayen Yaman ke shan ta don su raya dare da zikiri. Sunan ma, gahawa, daga Larabci ya shigo Hausa, ba ta bakin Faransawa ba.

Har gobe matar gida a Habasha tana soya ƙwayar a kan garwashi gaban baƙi, ta daka a turmi, ta dafa a tulun yumɓu, a sha zagaye uku, kamar dai shayin fada. A Sudan citta ake sa mata. A Senegal, gahawar Tuba da Muridawa suka yaɗa, ƙamshinta na kimba ne, kimbar nan ta yaji da kunu wadda ba a rasa ta a kasuwar Damagaram ko Tawa. Babu ɗayansu da ya jira injin lantarki.

Nan ne su ma sababbin masoya gahawa suke da nasu laifi. Sun ji an ce akwai gahawa ta musamman, wadda masu ɗanɗano ke ba maki 80 ko fiye cikin 100, sai suka mai da abin na taƙama: sai injin niƙa na waje, sai sikeli, sai sunayen da kakarsu ba ta iya faɗa. Ma'aunin yana da amfani, don yana sa a san gonar da ƙwaya ta fito, manomi kuma ya sami farashin da ya fi na tsiya. Amma sirrin bai wuce abin da kowace mai girki ta sani game da barkono da kanumfari ba: ƙamshi yana cikin ƙwaya, da zarar an farfasa ta iska ta fara kwashe shi. Ƙaramin turmi mai tsabta, wanda bai taɓa ganin daddawa ba, ya isa. A daka daidai abin da za a sha, a bar ruwan ya ɗan huce bayan tafasa, kamar giram 60 ga lita guda.

Gaskiya ne Nijar ba ta noman gahawa, kuma ƙwaya mai kyau tana da tsada ga aljihun malamin makaranta. Sai dai ganyen shayin da ake alfahari da shi ma daga Sin yake zuwa, ba wanda ya kira shi baƙo. Gahawa kuwa ana noman ta a Kwaddibuwa, da Togo, da Kamaru, da tsaunin Mambila a Najeriya. Ƙungiyoyin al'adu da ke shirya bukin tuwo da fura suna iya ajiye kasko da turmi a gefe, ɗalibai su ga ƙwayar da idonsu, kore shar kafin ta sha wuta.