FILIN ANTI: Fentin Dandalin Wasan Kwaikwayo Ba Sai Da Kuɗi Mai Yawa Ba

Yau maganata da 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ce, musamman na makarantun kwana na ƙasar Haɗeja, waɗanda kan yi karo-karo daga kuɗin sabulu da man shafawa don ƙawata dandali ranar ba da kyaututtuka. Kuɗin nan da ƙyar iyaye suka samo shi, saboda haka kada ya ƙare a gwangwanin da bai dace ba.

Da farko, fenti iri biyu za ku tarar a kanti: mai mai da mai ruwa. Ku bar mai mai wa ƙofa da taga. Ga tsada, ga shi sai da kananzir ake wanke buroshi, yakan kwana bai bushe ba, warinsa kuma yana sa ciwon kai a rufaffen ɗaki. Uwa-uba, da an kunna fitila sai ya ɗau ƙyalli, 'yan kallo su kasa gane gida ne aka zana ko kogi. Mai ruwa shi ne naku.

Kada kuma ku ce sai kun sayi kowane launi. Ku sayi fari da yawa, sannan ja da shuɗi da rawaya kaɗan-kaɗan. Shuɗi da rawaya su ba ku kore. Ja da rawaya su ba ku ruwan goro, ku ɗiga baƙi kaɗan ya koma ruwan ƙasa. Da waɗannan kun zana fadama da shinkafarta, da kachalar bakin kogi, da kwalekwalen masunta. In wasan tarihi ne, kamar yaƙin Sarki Muhammadu da Turawa a 1906, ruwan ƙasar nan ya isa ya fito da ganuwa da ƙofar gari.

To Anti, in ko wannan ya fi ƙarfinmu fa? Ai da abinmu a gida. Ku dubi ƙannenku na makarantar allo: da gawayi da ƙaro ake haɗa tawada. Ƙaron nan, wanda Jigawa ta yi suna da shi, shi ne ke riƙe launi. Ku jiƙa shi ya kwana, ku tace. Ku tankaɗe farar ƙasa, jar ƙasa, dakakken gawayi, bular wanki da gangamau, kowanne a kwanonsa, ku dama da ruwan ƙaron. Ku shafa a ƙyalle ya bushe, ku goga da tafin hannu. In ya biyo hannu, a ƙara ƙaro. In ya tsattsage, ƙaro ya yi yawa, a ƙara ruwa.

Abin shafawa kuwa, yadin akoko ko kwali. A fara bi da fari tukuna, don kada yadi ya shanye muku launi. Irin wannan haɗi yakan yi haske bayan ya bushe, don haka ku gwada kafin ku shafe bango guda. Ku rataya gwajin a dandali, ku kunna fitilar da za a yi wasa da ita, ɗaya ta koma bencin ƙarshe ta duba. Abin da ta gani shi ne gaskiya.

Sai batun ajiya. Kun san garinmu da laima in damina ta sauka. Fentin ƙaro ba ya shiri da ruwa, yakan narke ko ya yi funfuna. Ku naɗe yadin kamar tabarma, kada ku ninke, ku ɗora shi can sama, baɗi ya sake yi muku amfani.

Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Ragowar kuɗin ku sa a kayan sawar 'yan wasa, domin su aka zo kallo.

Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Anti