Faifan Da Ke Auna Dagulewar Ruwa

A cikin shekarar 1865 ne wani limamin Kirista masanin taurari, mutumin Italiya, mai suna Angelo Secchi, ya shiga jirgin ruwan Paparoma a Bahar Rum, ya ɗaura farin faifai a igiya, ya zura shi cikin teku. Ya yi ta sakin igiya har faifan ya ɓace wa ido, sa'an nan ya auna tsawon igiyar da ta nutse. Iyakar awon ke nan, kuma har yau masana ba su yar da shi ba.

Faifan teku fari ne, faɗinsa santimita 30. Na tabki kuwa santimita 20 ne, an raba shi huɗu, fari da baƙi. A tekun Weddell, can kusa da ƙurewar kudancin duniya, an hangi faifan a zurfin wajen mita 80 a shekarar 1986.

Mai kiwon kifi a tabkin ƙasa ya fi kowa bukatarsa, ga shi ko murfin bokiti aka shafa wa fenti ya wadatar. Idan ruwa ya yi kore, faifai ya ɓace tsakanin santimita 30 zuwa 45, to, kifi na da abinci. In ya ɓace tun bai kai 20 ba, gansakuka ta yi yawa. Da dare sai ta shanye iskar cikin ruwan, asuba ta yi a tarar da kifi birjik a sama suna haki.

Amma fa faifai ba ya aiki a ruwan famfo, domin dagulewarsa ba ta kai ido ya gani ba. Gidajen ruwa na'ura suke amfani da ita: a haska fitila cikin 'yar kwalba, a auna hasken da ƙurar ruwan ta watsar gefe. Ma'aunin shi ake kira NTU, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son kada ya kai 1 kafin a zuba kulorin, saboda ƙwayoyin cuta na fakewa a jikin laka. Hauhawarsa kuma alama ce matata ta gaza. A birnin Milwaukee na Amurka, a 1993, awon ya tashi zuwa 1.7, ba a rufe gidan ruwan da wuri ba, mutum fiye da 400,000 suka kamu da gudawa.