Iraniyom ya tafi Japan, labarin ma'aikata ya rage a Arlit

A ranar 1 ga watan Maris na 1954, Amurka ta gwada bom ɗin nukiliya a tsibirin Bikini. Tokarsa ta zuba a kan masunta 23 ƴan ƙasar Japan, ɗayansu ya rasu kafin shekara ta fita. A watan Nuwamba kuwa sai kamfanin sinima na Toho ya fito da Gojira, labarin dodon teku wanda gwajin bom ya tayar daga barci.

Takashi Shimura, haifaffen 1905, shi ya fito a matsayin malamin kimiyya Yamane. A wannan shekara dai shi ne shugaban mayaƙa a fim ɗin Samurai Bakwai na Kurosawa, wanda suka yi fim 21 tare. Akira Takarada kuma saurayi ne ɗan shekara 20, Gojira ta fito da sunansa. Dukansu da wannan sana'a suka ci abinci har tsufa, domin Toho ta riƙe ƴan wasanta riƙon ma'aikata, da yarjejeniya a rubuce.

Kada mai karatu ya ce Japan ta yi nisa. Kamfanin OURD na Japan ya riƙe kashi 25 cikin 100 na Cominak, wadda ta haƙi iraniyom a Akuta daga 1978 zuwa Maris na 2021. Gawayin Sonichar na Anu Araren, kusa da Cirozerin, shi ya ba ma'adinan nan wutar lantarki. Japan ta mayar da tsoronta wasan sinima, duniya ta kalla. Wa zai fito a matsayin mahaƙin Akokan? Amina Weira, ɗiyar ma'aikacin ma'adinai, ta ɗauki shaidar mutanen Arlit a 2016, amma shaida dabam, wasa dabam.

Ba gwanaye Nijar ta rasa ba. Zalika Souley ta fara da Moustapha Alassane a 1966, ta fito a Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar Fespaco a 1972. Duk da haka sai da ta tafi ƙasar waje aikatau. Ta rasu a 2021, shekarar da aka rufe ramin Akuta.

Ya kamata ma'aikatar ma'adinai da ta al'adu su zauna su ware wani kaso daga kuɗin iraniyom domin asusun sinima, a biya ƴan wasa ladan aikinsu, a ɗauki fim ɗin a Arlit da Cirozerin, tun tsofaffin mahaƙa suna da rai su gyara wa marubuci labari.