Zogale Da Ruwan Gulbi

Duk wanda ya taɓa zuwa ƙasar Maradun da damina ya san yadda Gulbin Sakkwato ya ke zama in an kwana biyu ana ruwa. Tun daga wajen Funtuwa ya ke tasowa, ya bi ta Gusau, yana kwasar laka da dattin gonaki, har in ya iso sai ka ga ruwan ya yi kauri kamar kunu. Tun da aka gama madatsar Bakolori cikin shekara ta 1978, ruwan noma ya wadata a Maradun da Talata Mafara da Bakura. Amma fa yawan ruwa daban, kyansa daban. Wanda ba shi da rijiya kusa, abin da gulbi ko magudanar rani ta ba shi, shi zai kai gida.

To, mu da mu ke shirin fita mu zama malamai a ƙauyuka irin waɗannan, me za mu gaya wa uwar da ta ɗebo wannan ruwa za ta ba ɗanta? Ra'ayinmu shi ne mu koya mata aiki da 'ya'yan zogale, amma mu koya mata shi duka, kada mu tsaya a rabi.

Zogale ba baƙo ba ne gare mu. Ko da ya ke asalinsa daga ƙasar Indiya ne, ya daɗe a bayan gidajenmu, yana tare da darni, muna cin kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli. Abin da yawancinmu ba mu kula da shi ba, shi ne ƙwayar da ke cikin busasshen ɗansa. Matan ƙauyukan Sudan sun daɗe suna kwantar da ruwan Nilu da ita. Wata masaniya mai suna Samia Al Azharia Jahn ta bi su, ta duba aikinsu, ta rubuta shi cikin littafin da aka buga a Jamus a 1981. Bayan haka, cikin 1994, masana daga Jami'ar Leicester ta Ingila suka gwada ta a gidan ruwa na garin Thyolo, ƙasar Malawi, suka ga ta yi aiki kusa da na alif, watau farin dutsen nan mai tsami da a ke saye a kasuwa don kwantar da ruwa.

Dalilin abin kuwa ba wuya gare shi ba. Ƙurar laka da ke cikin ruwa ƙanana ce ƙwarai, kuma kowace ƙwaya tana ture 'yar'uwarta, sabo da ƙarfin lantarki iri ɗaya su ke ɗauke da shi. Shi ya sa ko tulu ya yini a ajiye ba ya washewa. Cikin ƙwayar zogale akwai wani sinadari mai ɗauke da kishiyar wannan ƙarfi. Da ya shiga ruwa sai ya jawo ƙurar, ta dunƙule, ta yi nauyi, ta nutse ƙasa.

Ga yadda a ke yi. A zaɓi 'ya'yan da suka bushe a kan itace, a ɓare su, a daka farar ƙwayar ta yi laushi, a tankaɗe. In ruwan ya yi kauri ƙwarai, ƙwaya 1 ga lita 1. In matsakaici ne, ƙwaya 1 ta isa lita 2. Ke nan jarka mai lita 20 za ta ci ƙwaya 10 zuwa 20. A zuba garin cikin kwalba da ɗan ruwa mai kyau, a girgiza sosai, a tace da ƙyalle cikin ruwan da a ke so a gyara. A juya da sauri kamar minti 2, sa'an nan a hankali kamar minti 10, kana a bar shi sa'a 1 ko 2 ba a taɓa ba. In ya kwanta sai a tsiyaye na sama a hankali, a zubar da lakar.

A nan ne mu ke tsoron kuskure. Ruwan zai fito garau, har mutum ya ga gindin ƙwarya, zuciyarsa ta ce masa aiki ya ƙare. Alhali kuwa kyan ɗan maciji gare shi. Gaskiya ne yawancin ƙwayoyin cuta sukan bi laka su nutse, amma zogale ba ya kashe su duka, kuma ba duka ke nutsewa ba. Abin da ya fi wannan, ɗan abin da ya narke daga ƙwayar abinci ne ga ragowarsu, in ruwan ya kwana sai su sake yawa. Mun tuna shekara ta 2021, sa'ad da cutar amai da gudawa ta yi ɓarna a Nijeriya, Zamfara kuwa tana cikin jihohin da ta fi taɓawa. Wanda ya sha ruwa mai haske da cuta a ciki, bai fi wanda ya sha gurɓatacce tsira ba, sai dai ya fi shi sakin jiki.

Sabo da haka dole a bi da mataki na biyu: a tafasa ruwan, ko a sa masa maganin kulorin gwargwadon yadda ma'aikatan lafiya suka nuna, a rufe shi cikin randa mai tsabta, a shanye shi a ranar. Wani zai ce, in dai sai an tafasa, ina amfanin wahalar daka? Amfaninta shi ne laka tana ɓoye ƙwayoyin cuta, tana kuma cinye ƙarfin kulorin tun bai kai gare su ba. In an kawar da ita, magani kaɗan ya isa, ruwan kuma ya yi daɗin sha. Ga shi alif sai da kuɗi, zogale kuwa sai dai a miƙa hannu.

Kada kuma mu raina irin wannan ƙaramin ilmi. Kurkunu ya daɗe yana kwantar da manoma a lokacin shuka, amma da aka bi gida gida ana koyar da tace ruwa da ƙyalle, ana gyaran wuraren ɗiba, sai ga shi tun 2008 ba a sake samunsa a Nijeriya ba, har aka tabbatar da ƙarewarsa cikin 2013. Ba mu ce zogale ya ɗauke wa hukuma nauyin gina rijiyoyi da kawo famfo ba. Wannan hakki yana nan a wuyanta. Amma yaron da ke jin ƙishirwa yau ba zai jira famfon baɗi ba.

To, 'yan'uwa, ga abin da mu ke roƙo. Kowane ɗayanmu in an ba shi makaranta, ya shuka zogale a bakin shingenta, ya bar waɗansu su yi 'ya'ya. Ya ajiye kwalba biyu na ruwan gulbi gaban aji, ɗaya da zogale ɗaya babu, yara su gani da idonsu. Sa'an nan kada ya sallame su sai ya ɗora ruwan da ya washe a kan wuta, ya gaya musu dalili. In ba zai yi na biyun ba, gara ya bar na farin, gama da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya kuma ba mu ikon isar da shi cikakke, amin.