Ba keken ɗinki kaɗai ya dace da 'ya'yan Rano da Kibiya ba

Duk sa'ad da mai muƙami ya tuna da matasan Rano da Kibiya, kayan rabon sanannu ne: keken ɗinki, injin markaɗe, babur. Sana'a abar girmamawa ce. Abin ƙi shi ne zaton da ke ɓoye a bayan rabon, wai ɗan karkara hannunsa kawai ake bukata, ilimi kuwa irin fiziks na nazari, wanda ake yi da lissafi zalla, almubazzaranci ne ga wanda bai ƙoshi ba. Masu wannan ra'ayi galibi masu digiri ne, kuma ba a taɓa ganin sun saya wa nasu 'ya'yan injin markaɗe ba.

A dubi faifan sola da ke kan rijiyar burtsatse. A 1905 Einstein ya nuna cewa haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya da ma'aunin ƙarfinta. Ka'idar kwantam da aka kammala ginawa wajen 1925 zuwa 1927 ta bayyana yadda ƙwayoyin lantarki ke zama a cikin ma'adani, daga nan aka samu taransista a 1947, wadda ita ce ran kowace wayar salula da na'urar POS a kasuwar Rano. Manomin Kibiya da ke sauraron hasashen damina na hukumar NiMet kafin ya binne iri, shi ma cinikin fiziks yake yi. Lissafin yanayi irin wanda Syukuro Manabe ya wallafa a 1967 shi ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2021, tare da Klaus Hasselmann da Giorgio Parisi, masanin tsare-tsare masu sarƙaƙiya, waɗanda ƙananan abubuwa birjik ke haɗuwa a cikinsu su haifar da halin da ba a gani a ɗayansu. Mutanen yankin sun daɗe suna sayen wannan ilimi da tsada daga hannun wasu.

Sai a ce ai babu kuɗi. Alhali a duk fannonin kimiyya da wuya a sami mai arha kamar wannan: allo, alli, littattafai, da malamin da ya san abin da yake koyarwa. Abdus Salam a makarantun garin Jhang na Punjab ya tashi, ya sami Nobel a 1979, kuma tun 1964 ya kafa cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya domin masanan ƙasashe matalauta. Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce a lissafin da ba a miya da shi. Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau ana nazarin rubutunsa kan hanyoyin tsara lambobin hatimi.

Kano kuwa ta gwada ta gani. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977 sun ɗebi yara da jarrabawa, har da na ƙauyuka, suka fitar da likitoci da injiniyoyi. Sai dai iyaye da gwamnati sun tsaya nan. Fiziks ya zama kwas ɗin da ake jefa wanda bai sami gurbin likitanci ba, wanda ya gama kuma ya fi son banki da aji, tunda albashin malami ba ya riƙe gida. Yarinyar da ba ta taɓa haɗuwa da ƙwararren malamin fiziks a sakandare ba, ta yaya za ta san tana da baiwar?

Masarautar Rano da majalisun ƙananan hukumomin biyu da attajiran yankin, waɗanda sunansu ke kan gidajen mai a faɗin Nijeriya, suna da ikon ɗaukar nauyin ɗalibai kaɗan kowace shekara su karanta fiziks da lissafi a Jami'ar Bayero ko ta Wudil har zuwa digirin digirgir, su kuma gina wa malaman kimiyya gidaje a harabar makarantu. Kuɗin baburan rabo guda ɗaya zai biya na shekarar farko.